Takardun kuɗin Sin biyu, hoto ɗaya, banki daban

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. A cikin kayan da marigayi kawuna ya bari akwai takardun kuɗin ƙasar Sin guda biyu masu hoton mutum ɗaya, sai dai a bayan ɗaya an rubuta The Central Bank of China, ɗayar kuwa The Central Reserve Bank of China, da shekarar 1940 a jikinta. Shin ta biyun jabu ce? Kuma suna da wata daraja?

Malam Na-Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Bambancin sunan banki ba ya nuna jabu. Hoton na Sun Yat-sen ne, jagoran da ya kafa Jamhuriyar Sin, kuma gwamnatoci biyu masu gaba da juna ne suka buga shi, domin kowacce tana iƙirarin ita ce magajiyarsa. Ta farkon ta gwamnatin Chiang Kai-shek ce, wadda ta fito da kuɗin da ake kira fabi a 1935. Ta biyun kuwa ta gwamnatin Wang Jingwei ce, wadda Japan ta ɗaure wa gindi a Nanjing, kuma bankinta ya buɗe a 1941. A 1942 aka tilasta wa jama'ar yankin su ba da fabi biyu a kan yuwan ɗaya na sabon kuɗin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 sai reshe ya juye da mujiya, domin sai da mutum ya kawo yuwan 200 na kuɗin Wang Jingwei kafin a miƙa masa fabi ɗaya, lamarin da ya karya tattalin magidanta da dama a Shanghai.

Hajiyar Barnawa:
Ɗana, kada ka sa rai da kuɗi mai yawa. An buga irin waɗannan takardu ba adadi, har ta kai a 1948 fabi miliyan 3 ake canzawa da yuwan ɗaya na sabon kuɗin takarda da aka kira yuwan na zinariya, saboda haka yawancinsu araha ne, sai fa wadda ba ta taɓa lanƙwashewa ba. Ka duba ƙananan haruffan da ke can ƙasa, inda ake rubuta sunan maɗaba'a. Idan ka ga Thomas De La Rue, kamfanin Ingila ne. Shekarar da ke gaban takardar da rubutun Sinanci kuwa ta kalandar Jamhuriyar Sin ce, ana ƙara mata 1911, wato 29 ita ce 1940.

Malam Na-Kawo:
Haka ne, Hajiya. Kuma kada ka kai su shagon kwamfuta a manne su cikin leda da zafi, domin hakan yana kashe darajarsu gaba ɗaya. Ka ajiye kowacce a shimfiɗe cikin ambulan ɗinta, nesa da danshin damina da gara.