Don Allah da me ake auna tasirin mai binciken ƙwayoyin gado?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin gabatar da jawabi a aji kan Farfesa Mary-Claire King, Ba'amurkiyar da ta yi suna a binciken sankarar mama, kuma malaminmu ya ce in nuna tasirinta a ilimi. Na buɗe Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, na ga maƙalunta rututu da adadin ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da kowace, sai kaina ya ɗaure. Shin in tara waɗannan lambobi in ce ga tasirinta, ko akwai abin da ya fi?

Wani malamin jami'a:
Wa'alaikumus salam 'yata. Lambobin za su yi miki amfani, amma ki sa su a gefe tukuna. Ki ɗauki ayyukanta kaɗan ki bi abin da ya faru bayan kowanne. A 1975 ita da malaminta Allan Wilson sun wallafa a mujallar Science cewa sinadaran jikin ɗan Adam da na birin cimfanzi sun yi kama da juna kusan kashi 99 cikin 100, suka ce bambancin ya fi zuwa daga yadda ake kunna ƙwayoyin gado da kashe su. A 1990 kuma ta nuna cewa akwai ƙwayar gado a kromosom na 17 (kromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) da ke jawo sankarar mama a wasu iyalai, a lokacin da masana da yawa ba su yarda cutar na bin jini haka ba. Wannan ƙwayar ita ake kira BRCA1. Wata tawaga ƙarƙashin Mark Skolnick ce ta kai ga ware ƙwayar a 1994, amma King ce ta nuna inda za a duba. Yau mace na iya yin gwaji ta san haɗarinta tun kafin ciwo ya bayyana. Wannan shi ne tasirin da za ki nuna.

Wani ɗalibin digiri na uku:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ni ina ganin kada ta raina lambobin, domin za a tambaye ta. Yar'uwa, ki kawo h-index ɗinta, ma'aunin da ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, ki kuma faɗi inda kika samo shi, don Scopus, wani rumbun maƙalun ilimi, da Google Scholar ba sa bada adadi ɗaya. Ki lura da matsayin suna a jerin marubutan maƙala ma: a wannan fanni na farko shi ya fi yin aikin, na ƙarshe yawanci shugaban ɗakin bincike ne. Akwai maƙalun da ke ɗauke da ɗaruruwan sunaye, don haka ganin suna kawai ba ya nuna girman gudummawa.

Malamin jami'a:
Gaskiyarka, ta kawo su. Sai dai ta tuna da Mendel, uban ilimin ƙwayoyin gado, wanda ya wallafa aikinsa a 1866 aka yi watsi da shi har 1900. Da ƙidayar ambato aka bi, da ba a san shi ba.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Ƙanwata, akwai abin da ba za ki gani a Scopus ba. Daga 1984 King ta yi aiki da ƙungiyar kakanni mata ta Plaza de Mayo a Ajantina, tana amfani da gwajin jini da DNA don gano jikokinsu da aka sace a mulkin soja na 1976 zuwa 1983. Yara sun koma hannun danginsu saboda wannan aiki. Ni da ni ce, da shi zan ba wa lokaci mafi tsawo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maƙalar 1990 ɗin zan fara karantawa, sai in dawo da tambayoyina.