Me ya sa dajin Gashaka-Gumti ya fi sauran dazuzzukanmu yawan halittu?

Ɗaliba:
Salam 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya, malaminmu ya ce a duk Najeriya babu gandun dajin da ya kai Gashaka-Gumti tara dabbobi da tsirrai iri-iri, wai saboda duwatsu ne. To ni abin da ban gane ba, ina ruwan dutse da yawan dabbobi? Ni a tunanina ma saman dutse ai ba abin da zai rayu sai ciyawa.

Malamin firamare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku gaskiya ya faɗa. Dajin yana tsakanin Taraba da Adamawa ne a bakin iyakar Kamaru, a 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti suka zama gandu ɗaya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar. Kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419.

Sirrin shi ne duk mita 1,000 da kika hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, sannan dutse na tare iska mai ɗauke da danshi ya sa ta zubar da ruwa a jikinsa. To kin ga a wuri ɗaya sai ki samu yanayi kala-kala a jere kamar bene, can ƙasa ta ɓangaren Gumti fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi inda su gwanki da gwambaza ke kiwo, ki nufi kudu ki shiga kurmi mai duhu a bakin koguna, ki ƙara hawa ki tarar da wani kurmin daban mai hazo da gansakuka a jikin itatuwa, daga nan sai ciyawar saman tsauni mai sanyi. Kowane hawa da masu gidansa. Tsuntsun da ya saba da sanyin sama ba zai iya saukowa ya ratsa zafi ya tafi wani dutsen ba, sai ya zama kamar yana zaune a tsibiri, shi ya sa wasu tsuntsayen ba a samunsu sai a jerin tsaunukan nan na Najeriya da Kamaru.

Mai son tsuntsaye:
Malam ka manta babban baƙon, cimfanzi, wato babban birin nan mai kama da mutum! Irin na Najeriya da Kamaru ne, shi ne ya fi ƙaranci a cikin ire-iren cimfanzi huɗu, kuma Gashaka na cikin wuraren da aka fi samunsu da yawa. Masu bincike sun ga suna gyara tsinke su zura a rami su ciro zuma ko tururuwa, wallahi ranar da na fara karanta wannan sai da na yi shiru, ikon Allah. Ga ɓauna, damisa, dorina da kada a koguna, tsuntsaye kuma ɗaruruwa.

Ɗan gangare:
Duk wannan yabon da kyau amma ku faɗa mata ɗaya gefen. Saran madobiya da ake ce wa madrid ya ci dazuzzukan Taraba ba kaɗan ba, ga farauta da tarko, ga masu haƙar ma'adinai, ga ƙona ciyawa duk rani da wuta ke lasar bakin kurmin sama kaɗan-kaɗan. Kuma kurmin nan shi ke riƙe ruwan da ke gangarowa kogin Taraba ya faɗa Binuwai, in ya tafi manoma da masunta na ƙasa su za su fara ji a jikinsu.

Malamin firamare:
Haka ne, sai dai batun wuta da ake ɗora wa Fulani makiyaya a yi adalci. Fulanin da ke saman tsaunukan nan sun riga gandun zuwa, sanyi da rashin tsando ne ya kai su da shanunsu, kuma da aka shata iyaka an bar musu wasu yankuna a ciki bisa doka. Ni a ganina duk tsaron da ba a sa su a ciki ba wahalar banza ce, don su suka san kowane kwazazzabo.

Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, yanzu na gane zancen benen nan. Malam saura ɗaya, in duniya ta ci gaba da ɗumama su tsuntsayen da ke can ƙololuwa ina za su koma tunda babu sauran sama?