Sojojin wasan yaƙi masu fenti: yaya suke ƙarewa da zafi da ƙurar Sakkwato?

Nura, Mabera:
Assalamu alaikum. Manyanmu da suka daɗe da wasan yaƙin tebur, wanda ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur a gwabza bisa dokoki, tambayata a kan ƙananan sojojin tarihi ne waɗanda ake sayowa an riga an yi musu fenti. Kuɗinsu ya fi na marasa fenti nesa ba kusa ba. Idan suka ga bazara ɗaya da hunturu ɗaya a garin nan, me ke fara lalacewa? Kuma ƙarin kuɗin yana biya?

Malam Sidi, Kanwuri:
Wa alaikumus salam, Nura. Kafin komai ka san da abin da anka yi su, don kowane iri da ciwonsa.

Na roba mai laushi, waɗanda galibi ke zuwa a ma'aunin 1/72 (wato an rage tsayin mutum sau 72), fenti ba ya kama jikinsu da kyau. Da mashi ko bindiga ta lanƙwashe sai ka ga fentin ya tsage yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Maganinsa farin gam na kafintoci: cokali ɗaya na gam, cokali ɗaya na ruwa, a shafa siriri da burushi, a bari ya kwana, sannan a sa banish. Gam ɗin yakan zama kamar fata mai bin lanƙwasa.

Na ƙarfe kuwa, wato haɗin kuza, zafi bai dame su ba. Gogayya ce ke cin su. Hanci, gwiwar hannu, bakin garkuwa da kunnen doki, nan ne farin ƙarfe ke fara leƙowa. Na rezin, wata irin roba mai tauri, su ne mafi kyawun zane, amma takobinsu karyewa yake, ba ya lanƙwasa.

Aminu, Runjin Sambo:
In ƙara a kan bayanin Malam. Kada a bar akwatinsu cikin mota a watan Afrilu ko Mayu, ko da na awa biyu ne. Waje ma ya haura digiri 40, balle mota a rufe. Waɗanda aka buga da firintar 3D da robar PLA suna fara saki tun wajen digiri 60. Za ka buɗe ka tarar da masun da ke hannunsu duk sun sunkuya gefe guda. In na roba mai laushi ne ko rezin ana iya ceto su: ruwan zafi wanda bai tafasa ba, daƙiƙa 20 zuwa 30, a miƙe da yatsa, a tsoma a ruwan sanyi nan take.

Malam Sidi, Kanwuri:
Haka ne, Aminu. Sai batun banish, wanda nan mutane sunka fi yin ɓarna da hannunsu. Na feshi yana da matsala biyu wurinmu. Da rana a bazara yana bushewa cikin iska kafin ya sauka, sai jikin soja ya yi kaushi kamar an watsa mai gari. A damina kuma laima ke sa shi ya yi fari-fari. Ga shi ba a cika yarda a ɗauko gwangwanin feshi ta jirgi ba. Na shafawa da burushi, mai haɗin ruwa, ya fi. A fara da mai ƙyalli don shi ne mai ƙarfi, bayan kwana ɗaya a bi da marar ƙyalli. Duk inda ka ga ƙyalli ya fara fitowa daga baya, ka san na sama ya cinye, lokacin sabuntawa ya yi. Kuma kada a kuskura a fesa banish mai fetur a kan robar PVC, danƙo zai yi ta yi har abada, ƙura na mannewa.

Hajiya Luba, Arkilla:
Ƙurar hunturu ba a goge ta da tsumma, yashi ne, kankare fenti take yi. Burushin hoda na kwalliya, sabo, mai laushi, shi ke shiga tsakanin ƙafafun doki. Ajiya kuma gwangwanin biskit na ƙarfe ya wadatar, a manna mayen ƙarfe mai faɗin milimita 5 ƙarƙashin faifan da kowane soja ke tsaye a kai. Ko an karkata gwangwanin ba mai taɓa wani. Soson da suke zuwa a ciki yakan ruɓe da zafi ya manne wa fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin na ƙarfe da ake saye hannu na biyu. Da yawansu akwai dalma ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A nisanta su da yara, a wanke hannu bayan wasa, kada a goga su da fayil a ɗaki. In ka ga farin gari yana fitowa a jikin ɗaya, ware shi. Irin waɗannan ba a sa musu farin gam, ba a kuma ajiye su a akwatin katako, tsamin da ke fita daga ciki ne ke cin dalma.

Bashir, Gawon Nama:
Hajiya ta gama magana. Nura, kan ko yana biya: sojan ƙasa ɗaya mai tsayin milimita 28 (28mm), in za a yi shi da kyau, yana cin awa ɗaya zuwa biyu, doki da mahayinsa ya fi haka. Lissafa runduna mai mutum sittin. Ga mai aiki da iyali, sayen masu fenti shi ne bambancin yin wasa a wannan wata da jiran baɗi. Inda ake asara shi ne ma'auni. Manyan nan na 54mm irin na kamfanin W. Britain na ado ne, suna cin wuri sosai a tebur. Kuma 1/72 kusa da 28mm kamar yaro ne kusa da babansa. Ka tambayi abokan wasanka ma'auninsu da faɗin faifansu kafin ka biya. A DBA, ɗaya daga cikin tsare-tsaren dokokin wasan, misali, runduna faifai 12 ce, faɗin kowane milimita 40 ga sojojin 15mm, 60 ga manya. In mai fenti ya manna su a faifan da bai dace ba, wajen ɓamɓarowa ake karya ƙafafu.

Nura, Mabera:
Na gode ƙwarai. Yaya Bashir, in mutum na son yaƙe-yaƙenmu fa, kamar Tabkin Kwatto ko Giginya?

Bashir, Gawon Nama:
Mafi kusa da sauƙin samu su ne Ansar na Mahdin Sudan, na zamanin yaƙin Omdurman na 1898. Jibbarsu tana da faci-faci masu launi, sai a rufe da farin fenti mai ɗan ƙasa-ƙasa, shafa biyu sirara, ta koma riga. Mahayansu masu sulke da dawaki masu lifidi suna shiga ba gyara mai yawa. Sai dai ka lura da zamani. A Tabkin Kwatto, 1804, ƙarfin jama'ar Shehu 'yan baka ne, dawakin lifidi suna wajen Yunfa na Gobir, don haka baka da kwari za ka nema. A Giginya, 15 ga Maris 1903, dawakin na Sarkin Musulmi Attahiru ne, ɗaya gefen kuma sojojin Turawa da bindigar Maxim. Je gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga kayan yaƙin da idonka kafin ka taɓa burushi.

Malam Sidi, Kanwuri:
Abu ɗaya, 'ya'yana. Ba mu yi wa Shehu ko wani daga cikin malaman jihadi siffa. Tuta ta isa ta nuna inda jagora yake.

Mashin da ya karye kuma, kada ka dogara ga sufa gulu kaɗai. Da laima yake kamawa, shi ya sa a hunturu yake jinkiri, in an cika shi kuma ya bar farin tabo a kan fenti. Yanke ragowar mashin, huda hannun da ɗan abin huji na milimita 0.8, zura tsinken tsintsiyar roba da ka daɓe bakinsa da filaya, ɗigo ɗaya na gam da bakin allura. Na waya ya fi miƙewa, amma yana soke tafin hannu wajen kwashe runduna daga tebur.