Kwamfutata ta ƙi tashi, in yarda a yi fomatin ko in dakata?

Ɗalibar Gusau: Salamu alaikum yan uwa. HP ce gareni, jiya lafiya lau na kashe ta, yau da safe na kunna sai baƙin allo da rubutu wai Boot Device Not Found, ƙasa an sa 3F0. Furojet ɗina na gama makaranta na ciki kuma ban kwafa ko'ina ba. Mai gyara ya ce ko fomatin 5,000 ko in sa SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai, 35,000. Wanne zan yi don Allah?

Ɗan Jega: Sayar da ita ki sayi Dell ki huta.

Na Kaura: Ƙanwata kar ki bari a taɓa fomatin tukuna, shi zai shafe aikin naki. Kunna ta ki danna F2 ta gwada had disk ɗin, wato ma'ajiyar bayananta, da kanta. In ta gan shi, shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfutar, da F10 ki duba ko ta juya tsakanin hanyoyin tashi biyu, UEFI da Legacy, ƙaramin batirin nan na ciki in ya mutu yana rikita saitin. Ki cire duk filas da ke jiki.

Baban Argungu: Fomatin? Hmm. Haka sunka yi min wallahi. Na kai tawa, yaron ko buɗe bayanta bai yi ba ya ce Windows ta lalace, kafin in dawo sallar la'asar ya shafe komai, lissafin shagona da hotunan marigayi babanmu da ba ni da su ko'ina, daga baya wani ya kwance ya ce had disk ɗin motsawa kawai ya yi daga mazauninsa, turawa ɗaya zai koma. Kuma RAM ɗina, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, 8GB na kai 4GB na karɓo. Na bar shi da Allah.

Maman Yauri: Allah ya saka maka Baba. Amma 35,000 ta yi yawa, SSD mai 256GB na sa a 22,000.

Ɗan Jega: Yaushe rabonki da kasuwa Hajiya? Tsoho sunka sa miki.

Na Kaura: Ita fa aikinta take son cirowa, sabon SSD fanko yake zuwa. A ciro tsohon had disk ɗin a jona shi da wata kwamfuta tukun.

Ɗan Jega: Kai mai gyara ne ko a YouTube ka gani?

Na Kaura: Wanda bai taɓa riƙe sukundireba ba ya yi shiru.

Bakabe: Ki aiko ta Kebbi mu tura ta buhun shinkafa ta kwana 😂

Ɗalibar Gusau: Na danna F2, ta ce babu had disk. Mi zan yi kenan?

Baban Argungu: Ki tsaya a kan mai gyaran har ya gama, ko fitsari kar ki fita.

Maman Yauri: Ni wutar nan nake zargi, a kawo a ɗauke a kawo da ƙarfi, caja biyu ta ƙone min bana da firji, kuma bil bai taɓa fashi ba.

Bakabe: Ku da kuke ganinta ma kenan. Unguwarmu tiransifoma ta lalace tun kafin azumi, an tara kuɗi gida gida har yanzu shiru.