Neman suna: ƙwayar da ke sa jinjirin maraƙi zawo

Mai tambaya: Salamu alaikum. Muna shirya faɗakarwa ga makiyayan da ke shigowa Kara a nan Sakkwato, sai muka ci karo da kiriftosforidiyam, ƙwayar da ke sa jinjirin maraƙi zawo. Ko ni da na rubuta ta sai na tsaya kafin in faɗe ta. Mi za mu ce mata da Hausa?

Dillalin shanu: Malam, ku ce tsutsar ciki, kowa ya gane.

Likitan dabbobi: Alhaji, a yi haƙuri, wannan sunan zai jawo asara. Duk wanda ya ji tsutsa, maganin tsutsa zai ɗura wa maraƙi, kuma ba ya taɓa wannan ƙwayar. Halitta ce mai ƙwayar rai guda, ido ba ya ganinta. Tana manne wa bangon ƙaramin hanji ta lalata shi, nono ya daina narkewa, sai zawo ruwa-ruwa mai ɗorawa-ɗorawa, galibi daga mako ɗaya zuwa uku da haihuwa. Rashin ruwa a jiki ke kashe maruƙan. Zawo da jini bayan mako uku kuwa, wata ƙwayar ta daban mai suna koksidiya ake fara zargi.

Ɗalibar jami'a: Likita, asalin sunan Girkanci ne, ɓoyayyen iri. Wani masani mai suna Tyzzer ya fara bayyana ta a 1907, a tumbin ɓera. Ɓoyayyar ƙwaya fa?

Mai tambaya: Malama, wace ƙwayar cuta ce ba ɓoyayya ba? Mutanenmu da inda cuta ta kama suke ba ta suna: hanta, huhu.

Dillalin shanu: To zawon maruƙa.

Likitan dabbobi: Ya yi faɗi, wata ƙwayar cuta mai suna rotabairos ma na kawo shi a daidai lokacin. Tunda mannewa take yi, ni dai maƙale-hanji na fi so, kamar yadda muke cewa maƙale-mata. Cutar kuma zawon maƙale-hanji.

Mai tambaya: Wanga ya zauna a baki. Shi za mu sa.

Likitan dabbobi: Ku ƙara musu da cewa tana kama mutum, musamman yara masu kiwon maruƙa, kuma kulorin, sinadarin tsabtace ruwa, ba ya kashe ƙwanta cikin sauƙi. A bar maraƙi ya sha dakashi da wuri, a ware mai zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari ba tare da an yanke masa nono ba.

Ɗalibar jami'a: Koksidiya kuma fa? Ita ma hanji take kamawa.