Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ontology" a manhajojin asibiti?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina neman kalmar da za ta ɗauki "ontology" a fannin manhajojin kiwon lafiya. Abin da ake nufi shi ne tsarin da ake bayyana manhaja da shi don a iya gwama ta da wata: aikin da take yi, wa ke amfani da ita, irin bayanan da take adanawa, da ƙa'idar da take bi wajen musayarsu. OpenMRS, alal misali, fayil ɗin kowane majiyyaci take riƙewa, ita kuwa DHIS2 asalin aikinta tara alƙaluman jimilla ne daga asibitoci. In babu kalmomi ɗaya da kowa ya yarda da su, sai a kira su duka "manhajar lafiya" a wuce. Na yi tunanin "ƙamus". Ya kuka gani?

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ƙamus ya gaza. Shi kalma yake ba ki da ma'anarta, shi ke nan. Abin da muke magana a kai yana da sassa uku: abubuwa, rukunansu, da alaƙar da ke tsakaninsu a rubuce yadda kwamfuta za ta karanta. Wani kamfani ya rubuta "rajistar majiyyata", wani ya rubuta "karɓar majiyyaci". Dole tsarin ya nuna aiki ɗaya ne, kuma yana ƙarƙashin kula da bayanan majiyyaci. Alaƙar nan ce zuciyar abin.

Dokta Aminu:
To "tsarin rabe-rabe" fa?

Injiniya Bashir:
Wannan, Dokta, ya fi dacewa da ICD, tsarin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ba kowace cuta lamba. A ICD-10 kowace cuta gida ɗaya take da shi, domin ƙidaya aka yi shi: ciwon sukari nau'i na biyu E11 ne, zazzaɓin cizon sauro na falsifarum B50, wanda ba a tantance nau'insa ba B54. SNOMED CT kuwa, kundin kalmomin aikin likita mai ma'anoni sama da 350,000, tana barin abu ɗaya ya sami iyaye da yawa. Ciwon huhu da ƙwayar bairos ta haddasa cutar huhu ce, kuma cuta ce mai kamuwa, a lokaci guda. In aka juya bayani daga SNOMED CT zuwa ICD, wani ɓangare na filla-fillar yakan zube, kuma ba ya dawowa in an juya baya. Mu bar "rabe-rabe" wa ICD, kada a cakuɗa su.

Dokta Aminu:
Maganar iyaye da ka yi ta kawo mini "nasaba". Mutum yana da nasaba ta wajen uwa da ta wajen uba, kuma ana bin ta sama ko ƙasa. Ina ganin "kundin nasabar ma'anoni".

Malama Hadiza:
Ya zauna, Dokta, sai dai tsawo. Kuma nasaba za ta ɗauki alaƙar da ba ta haihuwa ba? Kamar a ce manhaja kaza tana bin FHIR, ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, ko gwaji kaza ana auna shi da ma'auni kaza?

Dokta Aminu:
Tana ɗauka, ai muna cewa "lamarin yana da nasaba da kaza". Kuma irin wannan alaƙar ce ake yawan sakaci da ita. Gwajin yawan jini na himogulobin lambarsa 718-7 a LOINC, kundin lambobin gwaje-gwajen asibiti. Manhaja ɗaya ta aika 12 da ma'aunin giram a desilita, ɗaya tana jiran giram a lita, inda adadin ya kamata ya zama 120. Lambar gwajin ta yi daidai, amma likita zai ga majiyyaci kamar jininsa ya ƙare.

Injiniya Bashir:
Na amince. A farkon rubutu a sa "kundin nasabar ma'anoni" cikakke, daga nan a taƙaita zuwa "kundin nasaba". Abu guda a ciki a kira shi "ma'ana", layin da ya haɗa biyu kuma "alaƙa".

Malama Hadiza:
Na ɗauka a haka. Na gode, malamai. Saura "interoperability", wato iya musayar bayanai da aiki da su tsakanin manhajoji, wadda "jituwar manhajoji" bai gamsar da ni a kanta ba tukuna.