Ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idon ƙanena, mu jira ko mu tafi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne a Tibiri, ɗazu da hantsi yana gyaran bakin hauya da guduma, wani ɗan ƙarfe ya fallatsa ya same shi a idon dama. Jini kaɗan ne ya fito, sai ruwa ke ta zuba. Ya ce zafin bai taka kara ya karya ba, amma dishi-dishi yake gani, kuma tsakiyar baƙin idon ta karkace. Inna ta ce a ɗiga masa nonon mai shayarwa, a ga yadda zai kwana biyu. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam. Don Allah ku kawo shi babban asibitin Maradi yau ɗin nan, ku nemi sashen ido. Karkacewar nan alama ce ido ya huje, wataƙila ƙarfen na ciki. Abin tsoron shi ne ƙasar da ke jikin hauya. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus a cikin ƙasar gona, in ta samu shiga cikin ido tana iya cinye shi cikin kwana 1 ko 2. Shi ya sa likitoci ke son a ɗinke raunin kafin awa 24, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci har a yi allurarsa cikin idon. Rashin zafi yanzu kada ya ruɗe ku. Ranar da fatar ido ta kumbura, zogi ya tsananta, farin mugunya ya kwanta ƙasan baƙin ido, an riga an makara sosai.

Wata Hajiya daga Tasawa: Ɗana, ka lallashi Inna, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma kada a sa nono, ko kwalli, ko ruwan sukari. Ɗan maƙwabciyata ƙaya ce ta soke shi, aka yi ta ɗige-ɗige, ƙarshe cire idon aka yi.

Mai tambaya: Mun samu mota. In ɗaure masa idon da ƙyalle?

Ma'aikacin jinya: A'a, kada komai ya danne shi. Yanko gindin kofin roba mai tsabta, ka kifa a kan idon, ka manne da filasta a goshi da kunci. Kada ya murza, kada a wanke, kada ya ci ko ya sha komai, don mai yiwuwa a yi masa aiki yau. Ka gaya musu ƙarfen hauya ne, kuma ka tambayi allurar tetanus. Allah ya ba shi lafiya.